Ƙofar Da Ka Ce Ba Ta Da Ƙafa

Zuwa ga Yayana Haruna, a duk inda wannan ta riske ka.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda ƙanwa ke yi wa yayanta, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya, da kai da matarka Samira da yaran. Ina fatan zaman Dammam ya karɓe ku. Mu nan Makka sai godiya. Gwaggo Rabi ta baro Alƙahira gaba ɗaya tun rasuwar mijinta, tana nan tare da ni a unguwar Rusaifa. Ƙafa ce ke damunta, kuma ba ta gajiya da tambayata ko ka kira.

Da Hausa nake rubuta maka, kuma da gangan ne. Da Larabci ba a taɓa kayar da kai a gardama ba tun muna yara. Amma da Hausa kakarmu Iya take yi maka faɗa, kuma na san har gobe in ka ji harshen nan kanka sunkuyawa yake yi. A fili kuma na sa wasiƙar, inda kowa zai karanta, domin lambarka da ke hannuna ta daina shiga, saƙon da na ba Samira kuma ban san ko ya wuce hannunta ba. Wani zai kai maka. Mutanen unguwarmu sun warwatsu, amma har yanzu magana ba ta kwana a bakinsu.

Ga abin da ya tayar da ni. Kwanakin baya 'yar maƙwabciyata, Ruƙayya, ta zo wurina. Ta gama digiri, tana son ta yi kwas ɗin bayan digiri a kan tarmim, wato aikin gyara tsofaffin gine-gine da adana su, irin wanda na yi. Mahaifinta ba mai ƙarfi ba ne. Tana neman wanda kuɗinsa ba zai karya shi ba, kuma ba ta son ta ƙare da takardar banza. Na buɗe baki zan ba ta shawara, sai na ji muryarka ce ke fita daga bakina, kalma bayan kalma. Ta yi godiya ta tafi tana murna. Ni kuwa ranar ban iya cin abinci ba.

Ka san ƙofar, amma zan ba ka labarinta kamar ba ka san ta ba, tunda ka daɗe kana nuna hakan.

Kakanmu Malam Sani da ƙafa ya zo garin nan daga ƙasar Katsina, yana aikin kafinta a hanya yana ci gaba, har ya ƙetare Sudan ya hau ruwa. Da ya samu wuri a gindin dutse ya yi gida, shi ya haɗa ƙofar da hannunsa. Ƙyaure biyu ne na katako mai kauri, babu zane, babu ado. Mutanen ƙasarmu in sun zo aikin Hajji a gidan suke sauka.

Iya ta ce baƙon farko da zai koma gida ba shi da abin da zai bar wa mai masauki. Sai ya ɗauki ƙusa a cikin kayan aikin Malam, ya buga a jikin ƙofar, ya ce ta tsaya a madadinsa har Allah ya dawo da shi. Daga nan abin ya zama al'adar gida. Labari ya koma ƙasa, har ta kai mutum yakan sa maƙerin garinsu ya ƙera masa ƙusa, ya ƙulle ta a bakin zane ko a aljihu, ya taho da ita. Akwai ta Kano, da ta Damagaram, da ta Sakkwato, da ta Maraɗi. Iya tana shafa kan ƙusa ta faɗi mai ita da garinsu, wani lokacin har da irin minsharinsa.

'Ya'yan gida kuma ranar suna ake buga musu. Taka da tawa suna kusa da sakata, gefe da gefe. Kai kake tsokanata, wai tawa ƙarama ce mai ƙaton kai, kamar mai ita.

In labarin rasuwar wani ya iso, Iya takan fito da guduma ta lanƙwasa ƙusarsa, ta yi masa addu'a. Bayan Iya, Umma ta karɓi gudumar. Ranar da Umma ta rasu na ɗauki gudumar in lanƙwasa tata, na kasa. Kai ka ɗora hannunka a kan nawa muka lanƙwasa tare. Ban manta ba, kuma ban yarda ka manta ba.

Da aka zo da jan fenti aka rubuta izala a bangonmu, alamar za a rushe gidan, ban ga laifinka ba, kuma har yau ban gani ba. Unguwar ce gaba ɗaya za ta tafi, ba mu kaɗai ba. A tsakar gida ka tsaya ka ce gida na gwamnati ne in ta so, amma ƙofa tamu ce, duk inda muka koma da ita za mu tafi.

Sai dai ƙofar ba ta da lafiya. Gara ta cinye ƙasanta. Tsatsa ta kumbura ƙusoshin har katakon ya fara tsagewa a tsakaninsu, ƙarfen da ke riƙe da ita kuma ya haɗe da dutsen bango. Kafintan da muka kira ya ce in aka fizge ta marmashewa za ta yi. Ni a lokacin na gama digirin tsara cikin gida. Na iya zana ɗakin otal da ba wanda ya taɓa kwana a ciki, amma ban san yadda ake ceton falanki ɗaya na kakana ba. Shi ya sa na ce zan yi kwas ɗin. Ba don aiki ba, ba don a kira ni da wani suna ba, don ƙofar ce, kuma ka fi kowa sani.

Ka tuna zaman da muka riƙa yi a kan soro bayan la'asar, da kwamfutarka da butar shayi. Kwasa-kwasai huɗu muka tsayar a gabanmu. Na ƙasar Turai muna ganin kuɗinsa muka fashe da dariya, ka rufe shafin ka ce wannan na 'ya'yan masu rijiyar mai ne. Na intanet ya fi kowanne araha, har na fara karkata, sai ka ce wanda bai taɓa sa hannu a farar ƙasa ba, ba zai koya mini bango ta waya ba. Saura biyu, na Jidda da na Alƙahira.

Zuciyata tana kan na Jidda. Shi ne mafi sauƙin kuɗi a cikin na gaske. A ƙarshen mako ake shiga aji, in je in dawo in kwana a ɗakina. Abin da ya fi, sun yarda ɗalibi ya kawo aikinsa na kammalawa daga gida. Na rubuta musu a kan ƙofarmu, wata malama ta amsa ta ce da kanta za ta zo Makka ta gan ta.

A nan ka zama wani mutum daban. Kai da takardun motarka ma sai sun ƙare kake tunawa da su, sai ga ka ka zauna kana bin abu dalla-dalla. Ka ce in tambaya su wa ke koyarwa, masu aiki a jikin gini ne ko masu rubutu a kan gini kawai. In tambaya nawa ne rabon aji, nawa ne rabon fita wurin aiki. In bincika ko za a amince da takardar a nan ƙasar, ko kuma za ta ƙirgu in wata rana na so wucewa digiri na biyu. Ka ce kar kuɗin da aka rubuta a shafin farko ya ruɗe ni, in leƙa abin da ke kwance ƙarƙashinsa, kayan aiki, da tafiye-tafiye, da wurin kwana, da kuɗin jarrabawa. Sannan ka faɗi wadda na fi riƙewa, cewa kar in saurari masu talla, in nemi waɗanda suka gama.

Ba ka tsaya ga faɗa ba. Da kanka ka nemo tsofaffin ɗaliban Alƙahira ka yi ta kiran su. Na Jidda sabo ne, ba wanda ya gama balle a tambaye shi, malamin sashen katako ma ba a riga an ɗauka ba. Na Alƙahira ya daɗe, yana da ɗakin aikin katako na kansa, kuma ga Gwaggo Rabi a garin, ba kuɗin haya ba na abinci. Ka haɗa komai ka nuna mini tazarar da ke tsakanin biyun ba ta kai yadda nake tsoro ba. Ka ce in sa abin da na tara, ragowar kai za ka cike.

Tun rasuwar Baba kai ne waliyyina, ba na fita ƙasar nan sai da izininka. Kai ne ka hana ni zuwa Ɗa'ifa yini ɗaya da ƙawayena, muka yi mako ba ma magana. Amma izinin tafiya Masar, shayi bai huce ba ka gama bayar da shi ta waya. Kuka na yi don daɗi. Na bi gidajen ƙawayen Umma ina faɗa, suna ta cewa Allah ya ba kowace yarinya yaya irin nawa. Yanzu in na tuna yadda na riƙa yawo da sunanka a baki, kunya ce ke kama ni.

Abu ɗaya ya tsaya mini, kuma na tambaye ka. Na ce ƙofar fa, in masu rushewa suka iso ba na nan? Ka yi dariya ka ce layinmu ne na ƙarshe. Ka ce: “Ƙofa ba ta da ƙafa, Safiya. Inda kika bar ta nan za ki same ta.”

Dole in faɗi gaskiya a kan Alƙahira, ko da faɗarta na ƙona ni. Kwas ɗin ya yi kyau. Duk abin da ka ce zan samu na samu. Na koyi yadda ake ɗura wa ramin gara magani, da yadda ake ƙarfafa katakon da ya ruɓe ba tare da an yanke shi ba. Na koyi kashe tsatsa a jikin ƙusa tana nan a inda take. Malamar katako wata dattijuwa ce mai kaushin hannu, ba ta da yawan magana. Abin da ta fara koya mana shi ne kar mu cire abin da mutane suka ƙara wa gini don kawai ba mai ginin ne ya sa ba. Na nuna mata hoton ƙofarmu a wayata. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce ƙusoshin su ne ƙofar, katakon riƙe su kawai yake yi.

Hotunan ma 'yan kaɗan ne, kuma ba su fito sosai ba. Ban damu in ɗauka da kyau kafin in tafi ba, domin an ce mini tana jirana.

Ana tsakiyar karatu ka turo mini saƙo cewa an rushe gidan, abin ya zo da wuri fiye da yadda aka zata. Ka ce kar in tayar da hankalina, ka samu masu hannu sun cire ƙofar lafiya, tana wani mustauda a unguwar Shisha, irin ɗakunan ajiyar nan na haya, ka naɗe ta da bargo. Na ce ka ɗauko mini hoto. Ka ce mai gadi ya yi tafiya da makulli.

Da na dawo kai ka tarbe ni a filin jirgin Jidda. Ka karɓi takardar ka ɗaga ta sama kana nuna wa Samira. Ni kuwa tun a mota nake tambayar makulli. Mai gadi bai dawo ba. Da ya dawo, mai mustauda ne ba ya gari. Da shi ma ya dawo, lokacin Hajji ya kama, kana can bakin aikinka na motocin alhazai tsakanin Arafa da Muzdalifa, ko wanka da ƙyar kake samu. Kowace ka faɗa na yarda. Na sayi magungunan gara da burushi na jera su a ƙarƙashin gado ina jira.

Bayan Hajji wata ƙawata ta gayyace mu cin abincin rana a wani gidan abinci a Shisha, irin waɗanda ake ƙawatawa su yi kama da gidan Makka na da. A hanyar shiga sashen iyali akwai wata ƙofa jingine da bango, ba ta buɗewa zuwa ko'ina, sai sheƙi take yi. Har na wuce ta, ƙafafuna suka tsaya da kansu.

Babu ƙusa ko ɗaya a jikinta. An zare su duka, an toshe ramukan da ma'ajun, ƙullin nan na kafintoci, an goge, an shafa mai mai ƙyalli. An datse ƙasanta da zarto inda gara ta ci. Wani ba zai ga komai ba. Amma ma'ajun ba ya shan launi yadda katako ke sha, kuma kwas ɗin da ka zaɓa mini ya gyara mini ido. Na ga tabon kowane rami. Na ga inda bakin awartaki ya ciji katako ana sauri. Na kai hannu kusa da sakata na samu tabo biyu gefe da gefe, ɗaya ya fi ɗaya faɗi.

Mai gidan abincin mutumin kirki ne, ba shi da laifi, da kuɗinsa ya saya. Ya ce ƙusoshin suna kama wa baƙi riguna da abayoyi, shi ya sa ma'aikatansa suka zare su. Na tambaye shi ina suke. Ya ce sun bi shara tun tuni. Da ya ga yadda fuskata ta koma, sai ya so ya lallashe ni, bai san ko ni wace ce ba. Ya ce ai wanda ya sayar masa mutum ne mai tausayin iyali, domin sun daɗe da gama ciniki, amma ya roƙe shi a jinkirta cirewa har ƙanwarsa ta tafi karatu, kar ranta ya ɓaci.

Yaya, kafin mu hau soro mu buɗe kwamfuta, ka riga ka sayar. Duk zaman nan da muka yi, da shayin, da kiran tsofaffin ɗalibai, da izinin da ka bayar cikin sauri, kana neman inda za ka kai ni ne in yi nisa. Jidda ta yi kusa, kuma malamarsu za ta zo ganin ƙofa. Ragowar kuɗin da ka ce za ka cike, yanzu na san daga ina ya fito.

Da na zo gidanka ba ka musa ba. Ka juya Larabci kamar yadda ka saba, ka ce khashab ne kawai, ya Safiya, katako ne. Ba a daɗe ba ka karɓi canjin wurin aiki zuwa Dammam.

Ka ci amanata. Na daɗe ina neman wata kalma mai laushi ban samu ba.

Ba wai ban san halin da kake ciki ba. Diyyar gida ta maƙale saboda takardun Malam Sani tsofaffi ne. Samira tana da ciki, ga haya, ga ni a wuyanka. Da ka zaunar da ni ka faɗa mini, da na yi maka rashin kunya na mako guda, da na yi kuka har maƙwabta sun ji. Daga ƙarshe da na ce ka ba ni yini ɗaya da awartaki, in zare su ɗaya bayan ɗaya, in san ta wane ce wannan, in zuba a gwangwani in ajiye. Mai saye ma ba ya son su. Da ka samu kuɗinka, da na samu mutanena. Amma kai tun ina ƙarama ba ka iya tsayawa ka ga kukana ba, sai ka gwammace ka ninke ni baibai da ka kalli hawayena na mako ɗaya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne shawararka daidai ce. Da ka tura ni wurin banza, da na yaga takardar na huta, na ce yayana ya cuce ni, shi ke nan. Amma da gaskiya ka yaudare ni. Duk tambayar da ka koya mini mai kyau ce, kwas ɗin da ka zaɓa shi ne ya fi, kuma kuɗinsa bai wuce ƙarfinmu ba. Na rasa yadda zan raba abin da ka yi don ƙauna da abin da ka yi don dabara. In na tuna ka zaune kana rubuta amsar tsofaffin ɗalibai, harshenka a waje kamar ɗan firamare, sai in tambayi kaina wa kake yi wa aiki a lokacin, ni ko mai gidan abinci. Wataƙila kai ma ba ka sani ba.

Da takardar nake ci yanzu. Ina aiki da masu gyaran tsofaffin gidaje a Jidda, ina ceton ƙofofin kakannin wasu, kuma ana cewa hannuna yana da kyau. Takardar dai ban rataye ta ba, tana ƙasan akwati ƙarƙashin zannuwan Umma. Mai gidan abincin daga baya ya ce zai sayar mini da ƙofar in ina so. Na ce ya bar ta. Yanzu kam katako ne kawai, ka mayar da maganarka gaskiya.

Ruƙayya na ba ta duk tambayoyinka, ban rage ko ɗaya ba, domin za su amfane ta. Sai na ƙara mata wata da ba ka faɗa da baki ba. Na ce duk wanda ya dage sai ta zaɓi wuri kaza, ta tambayi kanta me zai samu in ta tafi. Ta dube ni kamar ba ta san ni ba. Mahaifinta mutumin kirki ne, ba abin da yake ɓoye mata, sai na ji haushin kaina na sa wa yarinya zargi a zuciya. Wannan ma a wurinka na koya.

Akwai abin da ba ka sani ba, kuma shi ne dalilin da ya sa wasiƙar nan ba ta tsaya a kan fushi kaɗai ba.

A Hajjin bara wani dattijo daga Damagaram ya yi ta tambayar gidan Malam Sani, har tsofaffin maƙwabta suka kawo shi wurina. Ya ce mahaifinsa ya sauka a gidanmu yana saurayi, ya buga ƙusa, kuma har tsufansa yana ba da labarin. Ya rasu, ya bar wasiyya cewa duk ɗansa da Allah ya kai Makka ya je ya lanƙwasa masa ita. Mutumin ya tara kuɗin kujera shekara da shekaru, ga shi zaune a falona da hularsa a gwiwa yana jira in kai shi.

Na ce masa an rushe gidan. Ban ce masa komai a kanka ba, na bar shi ya ɗauka ƙofar ta tafi tare da bango. Ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, ya fara neman takalminsa. Gwaggo Rabi ce daga kan tabarma ta ce mini gudumar Iya fa, ba tana nan ba.

Tana nan. Ita kaɗai na tafi da ita Masar a cikin kayana, shi ya sa ta tsira. Ƙofar ɗakin tsakiya a gidan hayarmu ta katako ce, mara kauri, irin ta kanti. Na ɗauko ƙusa a kayan aikina na miƙa masa. Ya buga da sunan mahaifinsa, ya lanƙwasa, ya yi addu'a, muka shafa. Ya fita yana share ido da hannun riga. Mai gidan haya da ya gani ya yi ƙorafi, na ce in zan tashi zan saya masa sabuwa, ya haƙura.

Bayan tafiyarsa na buga ta Malam Sani, da ta Iya, da ta Baba, da ta Umma, na lanƙwasa su ni kaɗai. Wannan karon ban kasa ba, kuma ba wanda ya ɗora hannunsa a kan nawa. Na buga tawa kusa da sakata, na zaɓi mai ƙaton kai. Gwaggo ta buga tata. Sauran mutanen Iya, waɗanda na riƙe sunansu kaɗan ne, waɗanda suka ɓace sun fi yawa, kuma ba mai dawo da su.

Gwaggo ta ce in buga maka. Na ƙi. Ta ɗauka fushi ne, kuma akwai fushin, ba zan ɓoye ba. Amma ka san ƙa'idar gidanmu. Jariri ake buga wa, da mamaci. Babba mai rai da hannunsa yake bugawa.

Na bar maka wuri a gefen tawa. Ƙusarka tana kan tagar falo tare da gudumar, kullum in ina shara sai in ɗaga su in mayar. Ba kuɗi nake nema ba, ba kuma bayani ba, bayanin na san shi. Ka zo ka tsaya a gabana ka faɗa sau ɗaya, da Hausa, cewa ka yaudare ni. Zan yi kuka, kuma wannan karon sai ka tsaya ka gani har in gama. Sannan in miƙa maka gudumar.

Kar ka daɗe, Yaya. Gwaggo ta tsufa, ni ma ba ni da tabbacin gobe. Abin da nake tsoro shi ne wata rana waya ta zo daga Dammam, in zama ni ce zan buga ta, kuma ni ce zan lanƙwasa ta a rana ɗaya.

Allah ya jiƙan Malam Sani da Iya da Baba da Umma, da duk wanda ya taɓa kwana a ƙarƙashin rufin gidanmu, wanda muka riƙe sunansa da wanda ya ɓace mana. Allah ya tsare ka a inda kake, ya raya maka zuri'a, ya buɗa maka ta hanyar da ba sai ka ɓoye wa kowa ba. Allah ya sassauta zuciyata a kanka, ya kuma juyo da taka gida tun muna da rai.

Ƙanwarka mai ƙaton kai,
Safiya
Rusaifa, Makka